Karo-karo a Cikin Kwamfuta

A gidansu Auta ake ce mata, kuma sunan bai sake ta ba har yanzu da ta haura shekara 30, tana da 'ya'ya biyu, tana riƙe da littattafan kuɗi na wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano. Da rana akanta ce. Da dare, idan yara sun yi barci kuma akwai sauran caji a kwamfuta, ɗaliba ce mai koyon rubuta manhaja daga darussan da ke warwatse a intanet. Ta bi turbar da kusan kowane mai koyo yake bi: ta gina ɗan shafin rubuta ayyukan yini, ta gina mai faɗar yanayin gari, ta gina na'urar lissafin da babu wanda zai taɓa amfani da ita. Daga nan ta iso ga atisayen da masu koyarwa suke ajiye wa ɗalibin da hannunsa ya fara faɗawa, wato gina cikakkiyar manhajar tara kuɗi daga jama'a, irin su Kickstarter da GoFundMe, tun daga abin da ido yake gani har zuwa inda ake adana bayanai.

Ana son wannan atisaye ne saboda babu sashen sana'ar da bai taɓo ba. Manhaja irin wannan fasalin gidan gargajiya gare ta. Akwai zaure, wato abin da baƙo yake gani a fuskar wayarsa: hoton gidauniya, labarin abin da ake nema, maɓallin bayar da gudummawa, da koren layin nan mai tsawaita yayin da kuɗi suke shigowa. Akwai cikin gida, wata kwamfuta ce can nesa da 'yan sana'ar suke kira saba, inda ake yanke hukunci kan wanda aka yarda ya shiga da abin da aka yarda ya taɓa. Sannan akwai rumbu a can ƙurya, inda sunaye da lambobi suke kwana. Auta ta gina zaurenta da React, cikin gidan da Node.js, ta ɗauki PostgreSQL ya zama rumbu. Ba ta auna su da wasu ta ga sun fi ba. Su ne darasin da take bi ya yi amfani da su. Haka yawancin zaɓin mai koyo yake, kuma babu aibu a ciki.

Cikin makonni biyar ta gama. Mutum yana iya yin rajista, ya shiga, ya buɗe gidauniya, ya ɗora hoto, ya faɗi adadin da yake nema da ranar rufewa. Ta koyi cewa ba a ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta ta, niƙe ta ake yi ta hanyar da ba a iya mayar da garin ya koma tsaba, ta yadda ko ɓarawo ya fasa rumbun ba zai karanta ta ba. Ta haɗa manhajar da wani kamfanin karɓar kuɗi a yanayin gwaji, inda ake biya da katin wasa, kuɗin kuma na wasa ne. Daren da ta zuba wa kanta gudummawar naira miliyan ɗaya ta ga koren layin ya ruga ya cika, sai da ta tashi maigidanta daga barci ya zo ya gani.

Washegari ta tura aikin ga wani tsohon abokin karatunta na jami'a da ke sana'ar manhaja a Legas. Ta yi tsammanin zai yi magana a kan launuka ko tsarin kod ɗin. Bai ce komai ba sai da yamma, ya aiko mata da hoton shafinta. Ya rubuta 'yan layuka da suka aika gudummawa 100, kowace naira 1,000, duk a cikin daƙiƙa guda. Ya kamata shafin ya nuna naira 100,000. Abin da ya nuna bai kai 70,000 ba.

Abin da ya faru yana da sauƙin fahimta, kuma sauƙin nasa ne abin tsoron. A rumbun Auta, kowace gidauniya tana da gurbi ɗaya mai suna "abin da aka tara". Idan gudummawa ta shigo, saba takan leƙa gurbin ta ga nawa ne a ciki, ta ƙara sabon kuɗin a kai, ta goge tsohuwar lambar ta rubuta sabuwa. Muddin masu bayarwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Amma a ce gurbin yana ɗauke da 50,000, sai mutum biyu suka danna maɓalli kusan a tare, ɗaya da 10,000, ɗaya da 5,000. Dukansu biyu an leƙa musu an ga 50,000. An rubuta wa na farko 60,000. Kafin ƙiftawar ido an goge an rubuta wa na biyu 55,000. Naira 10,000 ta fita daga aljihun mutum, ta isa inda aka aika ta, amma shafin bai san da zamanta ba. Wannan rige-rige tsohon ciwo ne a sana'ar, kuma ba ya bayyana a lokacin da mai gini yake gwada aikinsa shi kaɗai da tsakar dare. Ranar da jama'a suka yi dafifi yake fitowa, wato ranar da gidauniya ta fara samun karɓuwa.

Auta ta tambaye shi maganin abin. Ya ce akwai hanyar kulle gurbin har mutum ɗaya ya gama kafin na biyu ya taɓa, kuma za ta same ta a kowane littafin koyon rumbun bayanai. Sannan ya ƙara da tambayar da ta hana ta barci a daren: "Hajiya Akanta, ina littafinki? Idan wani ya zo ya ce ya ba da dubu biyar bai ga alamarta ba, da me za ki nuna masa?"

Ba ta da abin nunawa. Matar da a ofis ba ta yarda a fitar da buhun siminti ɗaya ba tare da takarda ba, ita ce ta gina asusun jama'a wanda ba shi da komai sai jimilla. Darasin da ta bi haka ya koyar, ita kuma da ta zauna gaban kwamfuta sai ta ajiye shekarunta na aikin akanta a bakin ƙofa, kamar takalmi, tana ganin wannan wata duniya ce mai nata dokoki.

Tara kuɗi daga jama'a ya girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma tun can littafin shi ne zuciyar lamarin. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Mutum-mutumin 'Yanci da ke birnin Niyok. Faransa ce ta ba da shi kyauta, bisa fahimtar cewa Amurkawa za su gina dandamalin da zai tsaya a kai, amma kuɗin dandamalin suka ƙi haɗuwa. A shekarar 1885 Joseph Pulitzer, mai jaridar The World, ya buɗe gidauniya a shafukan jaridarsa, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya ba da wani abu komai ƙanƙantarsa. Cikin kimanin wata biyar aka tara fiye da dala 100,000 daga mutane fiye da 100,000, mafi yawansu abin da suka bayar bai kai dala ɗaya ba. Akan ce sha'awar ganin suna a jarida ce ta ja mutane, kuma da gaskiya a ciki, domin Pulitzer ɗan kasuwa ne mai son a sayi jaridarsa. Sai dai jerin sunayen nan ya yi wani aiki na biyu: duk wanda ya aika kuɗinsa yana da wurin da zai duba ya ga sun isa.

Bahaushe bai buƙaci Pulitzer ya koya masa wannan ba. Uwar adashi tana da littafinta, ko aƙalla tana da ƙwaƙwalwar da kowa ya amince da ita kamar littafi. A gidan biki akan zaunar da wata da biro da takarda tana rubuta wadda ta kawo gudummawa da abin da ta kawo, domin ranar ramawa tana nan tafe. A yau kuma, duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na 'yan uwa ko na tsofaffin ɗalibai ya san jerin nan mai lamba ɗaya, biyu, uku, wanda kowa yake kwafa ya ƙara sunansa a ƙasa ya sake turowa. Ya kuma san rigimar da ke tashi idan mutum biyu suka kwafa a lokaci guda, sunan ɗaya ya faɗi a hanya. Rige-rigen da ya cinye kuɗin gwajin Auta ke nan, ba ƙari ba ragi, sai dai a can da hannu ake yin sa.

Ta rushe rumbun ta sake gini. Ta cire gurbin jimilla gaba ɗaya. A madadinsa ta kafa littafi: kowace gudummawa layi guda, da sunan mai bayarwa, da adadi, da lokaci, da lambar shaida. Ba a goge layi, ba a gyara shi. Idan an yi kuskure ko an mayar wa mutum kuɗinsa, sabon layi ake rubutawa mai warware na farko, na farkon kuma yana nan inda yake. Jimillar da koren layin yake nunawa ta daina zama abin da ake ajiyewa, ta koma abin da ake lissafowa daga littafin duk lokacin da aka tambaya. Wannan ita ce ƙa'idar da aka koya mata a shekarar farko ta jami'a, wadda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a Italiya, kuma fatake suna aiki da ita tun kafin ya rubuta. Da abokin nata ya sake harbo gudummawarsa 100, shafin ya nuna 100,000 cif.

Abu na gaba da ya kama ta ƙarami ne har ya ba ta dariya. Ta sa manhajar ta cire kashi 5 cikin 100 a matsayin ladan shafi, kamar yadda Kickstarter yake yi, sai ta fara ganin lambobi masu dogon wutsiya. A harshen JavaScript, idan aka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 ake samu ba, 0.30000000000000004 ake samu. Kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin ɗaya bisa goma ba ta da iyaka, kamar yadda ɗaya bisa uku take zama 0.333 har abada a ƙirgar yau da kullum. Dole a datse ta a wani wuri, kuma ɗan abin da aka datse yana taruwa. Maganin shi ne a daina ƙirga kuɗi da naira, a koma kobo, a kuma yi aiki da cikakkun lambobi kawai. Shi ya sa Paystack, alal misali, yake karɓar adadi a kobo: mai son cajin naira 5,000 zai rubuta 500000. Kobo ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, yaran yanzu ba su taɓa riƙe shi ba, amma a cikin kwamfutocin bankuna yana nan da ransa. Ko a hakan ba a tsira gaba ɗaya ba. Naira 100 idan aka raba ta uku, kowa ya sami kobo 3,333, saura kobo ɗaya, kuma sai wani ya zauna ya yanke wa zai ɗauke shi. Kwamfuta ba za ta yanke ba.

Darasi mafi tsawo shi ne na wa za a gaskata. A ginin farko, idan mai bayarwa ya gama biya, wayarsa ce take dawowa ta shaida wa saba cewa an biya, sabar kuma ta rubuta. Abokin nata ya nuna mata cewa daga kwamfutarsa yana iya aika wannan saƙon ba tare da ya biya ko sisi ba. Duk abin da ke zaure a hannun baƙo yake, yana iya sauya shi yadda ya ga dama. Wannan bai yi wa Auta wuyar ganewa ba, domin a kamfaninsu akwai doka: ba a loda kaya saboda mai saye ya nuna hoton rasit ko alat a wayarsa, sai an ga kuɗin a asusun kamfani. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari sun sha hannun masu alat na bogi har dokar ta zama ta kowa.

A duniyar manhaja, dokar tana nufin a jira ɗan aike daga kamfanin karɓar kuɗin kansa, wanda yake zuwa kai tsaye daga sabarsu zuwa tata ba tare da ya bi ta wayar kowa ba. Ɗan aiken yana zuwa da hatimi. Ita da kamfanin suna da wani mabuɗin sirri da su biyu kaɗai suka sani. Kamfanin yakan cuɗa saƙon da mabuɗin ya fitar da doguwar lamba, ita ma ta cuɗa a nata ɓangaren, idan lambobin biyu suka yi daidai to saƙon na gaske ne kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya a hanya ba. Bayan hatimi sai a duba adadi, domin mutum yana iya cewa zai ba da 50,000 ya biya 500.

Ta gina wannan, ta yi murna, sai kuma ta wayi gari ta ga gudummawa ɗaya ta shiga littafi sau uku. Laifin nata ne. Tana amfani da saba ta kyauta, irin wadda take yin barci idan an daɗe ba a taɓa ta ba. Ɗan aike ya zo ya yi sallama, sabar tana kan farkawa ba ta amsa da wuri ba, kamfanin ya ɗauka saƙon bai isa ba ya sake turowa, ya kuma sake. Haka aka tsara shi ya yi, kuma daidai ne, domin gara saƙon kuɗi ya zo sau uku da ya ɓace sau ɗaya. Nauyin gane cewa saƙo ɗaya ne a kan mai karɓa yake. Ta umarci rumbun da kada ya taɓa karɓar lambar shaida iri ɗaya sau biyu. Layin kod guda ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ake buga lamba a kan kowane rasit.

Akwai kuma akasin haka, wanda a Nijeriya ya fi yawa: mutum ya biya, kuɗi sun fita, sai sabis ya ɗauke ko wuta ta tafi, saƙon bai iso ba sam. Babu wata dabara da ke hana wannan aukuwa. Abin da ake yi shi ne a sa manhajar ta riƙa komawa lokaci-lokaci tana tambayar kamfanin jerin duk abin da ya karɓa, ta gwada da littafinta layi bayan layi. Auta ta rubuta wannan sashe cikin dare ɗaya ba tare da duba wani darasi ba. Aikin da take yi ke nan kowane ƙarshen wata da takardar bayanin asusu daga banki.

Sai tambayar da babu darasin da ya amsa mata: idan ranar rufewa ta zo ba a kai adadin da ake nema ba, ina kuɗin za su? Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, dokarsa ita ce ko duka ko babu. Idan an nemi dala 10,000 aka sami alkawarin 9,000, ba a cire wa kowa komai, mai gidauniya ya tafi hannu rabbana. GoFundMe, wanda ya zo a 2010, yana miƙa wa mai gidauniya duk abin da aka samu. A cikin kod, bambancin bai wuce sharaɗi ɗaya ba, amma kowanne yana ɗauke da fahimtarsa game da abin da ake tara wa kuɗin. Rijiyar burtsatse da aka haƙa rabi rami ce kawai, kuma wanda ya ba da kuɗinsa don ruwa yana da haƙƙin a mayar masa idan ruwa ba zai fito ba. Mara lafiya kuwa rabin kuɗin magani ma magani ne. Duk wanda ya zaɓi doka ɗaya ya shimfiɗa ta a kan kowace gidauniya, ya zalunci ɗaya daga cikin biyun ba tare da ya sani ba.

Kwaikwayon tsarin Kickstarter a Nijeriya yana da wata ƙaya ta daban. Can, lambar kati ake ajiyewa, ba a cire kuɗi sai ranar ƙarshe idan an kai gaci, don haka mayarwa ba ta ma taso ba. A inda yawancin mutane da transfa suke biya, kuɗin sun riga sun bar hannun mai su tun ranar farko. Dole wani ya riƙe su na tsawon makonni, dole ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya idan abin bai yiwu ba, kuma dole a san wa zai ɗauki asarar ladan da kamfanin karɓar kuɗi ya riga ya cire. Daga nan an bar fagen kodin an shiga na amana da na doka. Babban Bankin Nijeriya ne yake ba da lasisin harkar biyan kuɗi, hukumar kula da hada-hadar hannun jari kuma ta fitar da ƙa'idoji a 2021 don irin karo-karon da masu bayarwa suke sa ran riba a cikinsa. Auta ta bar wa mai buɗe gidauniya ya zaɓi ɗaya daga cikin tsarin biyu, ta sa a rubuta zaɓin da manyan haruffa sama da maɓallin biya. (A hanya ta gano cewa gidauniyoyinta suna rufewa da ƙarfe ɗaya na dare maimakon sha biyu, saboda agogon saba yana bayan na Nijeriya da awa guda. Wannan ya ci mata yammaci ɗaya.)

Ko da duk wannan ya daidaita, akwai abin da manhaja ba ta gani. A 2014 wani akwatin sanyaya abin sha mai suna Coolest Cooler ya tara fiye da dala miliyan 13 a Kickstarter, ɗaya daga cikin mafi girman gidauniyoyin shafin a lokacin. Kamfanin ya rufe a 2019, dubban waɗanda suka biya ba su taɓa ganin akwatin ba. Kowace dala an ƙirga ta daidai, kowane ɗan aike ya iso da hatiminsa. Littafin ya san abin da ya shigo. Abin da aka yi da shi bayan ya fita, ba shi da shafin rubuta wannan.

Ana cikin haka ne ɗan baffansu ya kwanta, ƙodarsa ta gaza, likitoci suka ce sai wankin ƙoda sau biyu zuwa uku a mako. Dangi suka buɗe karo-karo a zauren WhatsApp, ana tura kuɗi a asusun babban yayansu, wanda kuma shi ne asusun da yake cinikin shagonsa da shi. Ba a yi mako biyu ba aka fara ƙananan maganganu. Wata ta ce ta tura ba ta ga sunanta ba. Wani daga Abuja ya tambayi nawa aka kashe zuwa yanzu, aka ɗauki tambayar a matsayin zargi. Yayan nasu mutum ne mai gaskiya, amma shi kansa bai iya faɗar adadin ba sai ya zauna ya tsince kuɗin mara lafiya daga cikin na ciniki. Ran nan da dare ya kira ta.

"Auta, ba ke ce kika haɗa wani abu na tara kuɗi ba? Ai ga ranarsa ta zo. Kunna mana shi kawai."

"Yaya, abin nan fa na koyo ne."

"To ba yana aiki ba? Ni da idona na ga kin saka kuɗi ya nuna."

"Kuɗin wasa ne, Yaya."

"Sai a saka na gaske mana."

Gaskiyarsa ce ta wani fanni. Tsakanin kuɗin wasa da na gaske babu komai sai kammala rajista da kamfanin da sauya mabuɗi ɗaya, kuma zuciyarta ta so hakan ƙwarai. Wata biyar tana gina abu, ga shi an zo nema. Amma ta san abin da shi bai sani ba. Sabar tata mai barci ce. Ba ta taɓa gwada dawo da rumbun daga ajiya ba, don haka ba ta da tabbacin cewa idan ya lalace littafin zai dawo. Idan wani abu ya tsaya da ƙarfe goma na safe tana ofis, babu mai gyarawa. Kowace gudummawa sai an yanke mata lada, alhali transfa kai tsaye kuɗinta kaɗan ne. Shafin kuma a buɗe yake ga duniya, yana neman hoto da labari, wato hoton ɗan uwanta a gadon asibiti da takardun gwajinsa, irin bayanan da dokar kare bayanai ta 2023 ta sa a sahun masu buƙatar kulawa ta musamman, waɗanda ko babu doka ma mutumin yana da 'ya'ya da mutunci. Bayan duk wannan, baffanninta da gwaggwanninta ba za su rubuta lambar katinsu a wani shafin da ba su sani ba, ko da 'yarsu ce ta gina shi.

Ta yi ƙoƙarin bayyana masa, bai saurara har ƙarshe ba. "Wato duk daren da kike hana kanki barci, wasa kike yi ke nan," ya ce, ya kashe waya. Maganar ta yi mata zafi fiye da yadda ta nuna.

Da safe ta je gidansa kafin ta wuce ofis, ta gaishe shi, ta ajiye masa shawara. A buɗe asusu na daban wanda babu abin da zai shiga cikinsa sai kuɗin mara lafiya, shi da wani ƙanin baffan su zama masu sa hannu. Mutane su ci gaba da transfa yadda suka saba. Ita kuma za ta ɗauki nauyin littafi. A ƙarshen makon ta buɗe manhajar ta fara cire abubuwa: ta cire biyan kuɗi, ta cire rajista, ta cire hotuna, ta cire ranar rufewa, har koren layin da ta fi alfahari da shi ta cire, domin ciwon ƙoda ba shi da adadin da za a ce an cika. Abin da ya rage shafi ne guda wanda sai mai adireshin yake iya buɗewa. Ta ƙara masa abu biyu da darasin bai taɓa ambata ba. Na farko, gurbin abin da ya fita: ranar wanki, kuɗin magani, kuɗin gwaji, kuɗin mota, kowanne da hoton rasit ɗinsa an rufe sunan asibiti da na mara lafiya. Na biyu, wanda ba ya son a ga sunansa, a rumbu sunan yana nan don lissafi, amma a shafi "wani bawan Allah" ake gani, tare da lambobi huɗu na ƙarshen shaidar transfa ɗinsa don shi ya gane layinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dangin wannan suka zaɓa, har da mutumin Abuja.

Kowane dare bayan isha Yaya yakan turo mata bayanin asusu, ta shigar da layukan yini, ta gwada jimillar littafi da abin da banki ya ce yana ciki. Bai sake tayar da maganar wasa ba, ita ma ba ta tayar ba. A dare na tara lissafin ya ƙi haɗuwa da naira ɗari da 'yan kai, ta bi layi-layi har ta gano cajin banki ne, ta buɗe masa nasa layin.

A mako na uku wata gwaggonsu da ta zo dubiya daga ƙauye ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa Auta naira 2,000, tsofaffin takardu a nannaɗe, ta ce a sa a cikin na yaron. Da dare Auta ta zo shigarwa, rumbun ya ƙi karɓa. Ita ce da hannunta ta kafa masa doka cewa babu layin da zai shiga ba tare da lambar shaida ba, kuɗin Gwaggo kuwa ba su bi ta banki ba. Ta zauna tana kallon jan saƙon na ɗan lokaci. Sannan ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko wani sabon littafin rasit da ta taɓa sayowa ba ta yi amfani da shi ba, ta rubuta kwanan wata da adadi a takardar farko, ta kwafi lambar 001 ta shigar a kwamfuta. Ta yage takardar ta sa a jaka, domin Gwaggo da motar safe za ta koma.